Musayar Waƙa: Kadinal Tarankon da Sauyin Mulki a Sifaniya

Bazazzagi:
Faranko, mai mulkin kama-karya, ya rasu a 1975, ya bar ƙasar Sifaniya
Da tabon yaƙin basasa da tsohuwar ƙiyayya.
Kadinal Tarankon, babban limamin Katolika, ya yi huɗuba gaban sabon sarki da gaskiya,
Ya ce coci ba ta da jam'iyya, sarki ya riƙi kowa bai ɗaya.

Bakatsiniya:
Malam, ka yabi limami, amma akwai abin tunawa:
Yarjejeniyar 1953 da Batikan, fadar Paparoma, ta ba coci gata da inuwa,
Faranko na da hannu a naɗin bishop, babu mai musantawa.
Gidan da ya sha romon mulki, yau shi ne mai sasantawa?

Bazazzagi:
Hajiya, da romo Tarankon ke nema, da bai sha zagi ba.
A jana'izar Karero Bilanko, firaministan Faranko, a 1973 'yan a-mutun Faranko ba su raga masa ba,
Suna ihun a jingina shi da bango a harbe, bai ja da baya ba.

Ɗan Damagaram:
Allah ya gafarta Malam, ɗango na biyu ya zarce 'yan'uwansa har kari ya karye, baitin kuma ya tsaya a ƙwar uku, sannan amsa-amon "ba" ba gwaninta ba ce, tunda kowace korewa da shi take ƙarewa. Hajiya ce ta ci wannan zagaye.

Bazazzagi:
Sunan Bature da shekara ba sa kwanciya a ma'aunin aruli, kuma na gwammace baitina ya yi ɗingishi da in taɓa tarihi.

Bakano:
Ku bar awon ɗango, Malam ne ya riƙe magana.
Tsarin mulkin 1978, sashe na 16 ya bayyana:
Gwamnati ba ta da addini, da coci sai haɗin kai da amana.
Kadinal na Toledo ya koka ba a ambaci Allah ba, jama'a suka amince da tsarin da rana.

Bakatsiniya:
Yaya Bakano, sashen da ka kawo ya kira Katolika da suna,
Sauran addinai aka dunƙule su, ka sake dubawa ka auna.
A Janairun 1979 aka sa hannu da Batikan, kuɗi da darasin addini suka zauna.
Na yarda an kauce wa jini, wannan kam ina murna,
Amma daidaito tsakanin masu ibada, Malam, nuna mini shi, yana ina?