Wai ODD 5 ɗin nan ya shafi gamanar innata ko na 'yan biro ne kawai?

Maman Hadiza:
Salamu alaikum jama'a. Satin da ya wuce anka aike ni wata horaswa nan Maraɗi, kwana ukku muna zamne ana ta ODD ODD, wai muradun ci gaba mai ɗorewa 17 ne da ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya sunka amince da su a 2015 za a cika su nan da 2030, na 5 shi ne daidaito tsakanin mata da maza. Ni dai hankalina yana gida. Innata tana da gamana a ƙauyenmu wajen Madarunfa, nan take shibka gujiya da yakuwa, da kuɗinta ta yi min kayan ɗaki, amma baba na rasuwa yayyena maza sunka ce gona ta yi kaɗan sunka haɗe ta da gandu, mu mata ko taki guda ba a auna muna ba. Wannan takarda ta ODD akwai abin da ta ce bisa irin haka?

Ɗan Bagalam:
Wa alaikumus salam. Hajiya mi ya kai ki neman hakki wurin Nasara? Musulunci ya riga ya raba, inna tana da tumuni tunda akwai ɗiya, ke kuma rabin kason namiji, kuma gona tana cikin gado. Abin da yayyenki sunka yi cin amana ne, ki sami malami. Su waɗannan takardu ana soma su da gona a ƙare da abin da bai dace da mu ba, shi ya sa majalisar dokokin Nijar ta ƙi yarjejeniyar Maputo ta hakkin matan Afirka a 2006.

Madam Zariya:
Ɗan Bagalam gaskiyarka bisa gado, amma malaman nawa ne ke hawa mumbari su yi wa'azin gonar mata? In ana rabo sai a ba mace tunkiya da kwanoni a ce ai gidan wani za ta.

Maman Hadiza, eh akwai, sashen 5.a ya ambaci mallakar ƙasa da gado ƙarara, sai dai ya rufe da cewa bisa dokokin kowace ƙasa, kuma ODD alkawali ne, ba doka ba ne da za ki riƙa ki kai ma alƙali. Abin da zai yi miki aiki namu ne na gida, dokar karkara ta 1993 ba ta bambanta mace da namiji ba wajen samun ƙasa. Ki tafi meri ki tambayi Cofocom, kwamitin da ke kula da sha'anin ƙasa, su ke yin takardun gona, kuma duk abin da anka ba inna a rubuta shi da shaidu, don na ga wadda anka maida ma gona da baki, damana biyu aka sake karɓewa.

Inna Tasawa:
Ɗiyata Allah ya jiƙan babanku. Mu ba mu san wata ODD ba lokacin da ƙungiyar asusun mata ta Mata Masu Dubara ta soma, nan jihar Maraɗi ta soma a 1991 kahin ta bazu ƙasashe. Kowane sati muna zuba dala ashirin cikin akwati mai kwaɗo ukku, makullai wajen mata ukku daban, da bashin asusun nan na karɓi jinginar gona har na sayi tawa. Ban ce ki bar hakkinki ba, amma ki sa inna cikin ƙungiya tun yanzu don shari'a da 'yan uwa tana da tsawo.

Maman Hadiza:
Na gode ƙwarai. Ni tsorona zumunci, inna cewa take a bari kar a ji kanmu. Zan soma da baffanmu ranar Juma'a in na je gida. Madam, in ba a raba gadon ba tukuna Cofocom za su saurare ni ko sai mai gari ya sa baki?