Masu kallon Doctor Who, dan Allah ta ina zan fara?

Hafsat Zariya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Dan Allah shawara nake nema. A makaranta muna kan tarihin gidajen talabijin na gwamnati da na al'umma, malaminmu ya daɗe a kan BBC, to a ciki ne ya ambaci wani wasan kwaikwayo nasu na almarar kimiyya wai Doctor Who, ya ce tun 1963 ake yinsa. Na je na duba sai na ga abin ba iyaka, mutum kusan goma sha biyar duk sun fito a matsayin Dakta ɗin, ni kam kaina ya ɗaure. Ta ina ake farawa? Kuma in akwai abin da zan kalla da zai nuna min yadda gidan yake a wancan zamanin ina so sosai.

Abu Sadiq: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki wahal da kanki, fara daga 2005. An dakatar da shirin a 1989 bayan zango 26, aka yi fim ɗaya a 1996 bai ɗore ba, sai 2005 Russell T Davies ya dawo da shi da Christopher Eccleston, kuma da gangan aka tsara shi don wanda bai taɓa gani ba. Kashin farko sunansa Rose, yarinya ce mai aiki a kanti a Landan ta haɗu da Dakta, duk abin da ba ki sani ba ita ma ba ta sani ba, tare za ku koya. A taƙaice shi Dakta ba ɗan Adam ba ne, daga wata duniya yake ana ce mata Gallifrey, zuciyarsa biyu, yana yawo a cikin lokaci da sararin samaniya da wani jirgi TARDIS, daga waje kamar shuɗin akwatin wayar 'yan sanda na da, in kin shiga ciki kuma ya fi gida girma.

Maman Ilham: Ni dai ban yarda ta fara da Rose ba Abu Sadiq, dodannin roba ɗin nan na farko suna iya sa ta ce shirme ne ta watsar. Hafsat ki nemi Blink na 2007, kashi ɗaya ne minti 45, ba kya buƙatar sanin komai kuma Dakta ma kaɗan ya fito a ciki. Gumakan mala'iku ne na dutse waɗanda ba sa motsi in kina kallonsu, kina ƙiftawa sun matso. Wlh ranar da na kalla sai da na bar fitila a kunne. In wannan ya kama ki to sai ki koma 2005 ki bi a jere. Bayan shi ki kalli Vincent and the Doctor na 2010, inda suka je wajen mai zanen nan Van Gogh da ya mutu bai san duniya za ta daraja aikinsa ba, ƙarshensa ya sa ni kuka kuma har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Baba Mai Rediyo: 'Yata Hafsat, tunda karatu ne ya kawo ki bari in ba ki ta ɓangaren tarihin, yaran nan duk na baya-bayan nan suka sani. BBC ta fara ne a 1922 a matsayin kamfani na masu ƙera akwatunan rediyo, sai a 1927 ta koma hukuma ta al'umma ƙarƙashin takardar izini ta masarauta, shugabanta na farko John Reith, mutumin Sikotilan, shi ya kafa aƙidar cewa aikin gidan abu uku ne, sanarwa da ilimantarwa da nishaɗantarwa. Talabijin suka fara ranar 2 ga Nuwamba 1936 daga Alexandra Palace a arewacin Landan, yaƙin duniya na biyu ya sa aka rufe a Satumba 1939 ba a sake buɗewa ba sai Yuni 1946. Abin da nake so ki riƙe shi ne kuɗin. Ba talla suke yi a cikin gida Ingila ba, duk gidan da ke kallon talabijin lasin yake biya duk shekara, a 1946 fam 2 ne, a 2024 ya kai fam 169.50. To da ITV, tashar talabijin ta 'yan kasuwa, ta zo a 1955 da tallarta da kuɗinta ta kwashe masu kallo, sai BBC ta ga dole ta yi abin da zai riƙe iyali da yammacin Asabar, tsakanin sakamakon ƙwallo da shirin waƙoƙin matasa. Wannan gurbin ne ya haifi Doctor Who. Shi ya sa da farko ilimi aka nufa da shi, cikin abokan tafiyar Dakta akwai malamar tarihi da malamin kimiyya, in an je baya a koyi tarihi in an je gaba a koyi kimiyya.

Hafsat Zariya: Kai Baba Allah ya ƙara girma, wannan bayanin lasin ɗin ya warware min abin da ban gane ba a aji. Ashe dai BBC ɗin da muke ji da safe ce.

Baba Mai Rediyo: Ita ce 'yata, sashen Hausa a Maris 1957 aka buɗe shi, ya girmi Doctor Who da shekara shida. Shawarata ki nemi An Adventure in Space and Time, fim ne da BBC ta yi a 2013 lokacin cikar shirin shekara 50, labarin yadda aka ƙirƙiro shi. A nan za ki ga gidan da idonki. Sydney Newman ɗan Kanada da aka ɗauko daga gidan talabijin na 'yan kasuwa ya shugabanci sashen wasan kwaikwayo, ya ɗauki Verity Lambert tana shekara 27 ya ba ta furodusa a lokacin da duk maza ne a wajen, daraktan labarin farko kuma Waris Hussein, haifaffen Lucknow a Indiya, yaro ɗan 24. Mace da baƙo, a ɗan ƙaramin sutudiyo mai tsofaffin kyamarori. Aka nuna kashin farko ranar 23 ga Nuwamba 1963, washegarin ranar da aka harbe shugaba Kennedy na Amurka, hankalin duniya duk yana can, sai da aka maimaita shi mako mai zuwa. Ni abin da ya fi burge ni saboda aikin sauti na yi shi ne kiɗan taken. Ron Grainer ya rubuta, amma wata mata Delia Derbyshire ce ta haɗa shi ba ganga ba goge, sautin na'ura take ɗauka a kan zaren kaset ta yanka da reza ta liƙa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa liƙa zare ya san wahalar nan. Kuma ba a sa sunanta a matsayin wadda ta yi ba, wannan yana min ciwo.

Nura Injiniya: Baba ya gama magana. In za ki taɓa tsofaffin kar ki ce sai kin bi daga 1963, a hankali suke tafiya, kashi minti 25 labari ɗaya ya ci kashi huɗu ko shida. Ɗauki Genesis of the Daleks na 1975 da Tom Baker mai dogon gyalen wuya a matsayin Dakta, an tura shi ya hana a ƙirƙiri Dalek, wasu mugayen halittu manyan maƙiyansa, tun asali, wayoyi biyu a hannunsa in ya haɗa su ya gama da su, sai ya tsaya yana tambayar kansa ko yana da hurumin shafe wata al'umma. Sai City of Death na 1979 da aka ɗauka a Faris, shi ban dariya ne. Batun yawan mutanen da kika ce ya ɗaure miki kai kuma, larura ce ta kawo shi, William Hartnell na farko rashin lafiya ta ci ƙarfinsa a 1966 sai marubuta suka ce ai tunda ba mutum ba ne jikinsa zai iya sabuntawa ya tashi da sabuwar fuska, Patrick Troughton ya karɓa. Da ba don dabarar nan ba da tuni shirin ya mutu.

Ɗan Jos: Jama'a duk kun bar babban labarin, garinmu fa yana cikin tarihin nan dumu-dumu. BBC da kanta ta goge da yawa daga cikin shirye-shiryenta na shekarun 1960, kaset ɗin bidiyo na lokacin tsada ne da shi sai a goge a sake ɗauka a kai, ba wanda ya yi tunanin wata rana za a nema, sai wajen 1978 suka fara adanawa da gaske. Abin da ya ceci wasu shi ne kwafin da aka juya a kan fim milimita 16 ana sayar wa ƙasashen waje, in wannan gidan talabijin ya gama nunawa ya tura wa na gaba. A 2013 wani Bature Philip Morris mai bin sawun irin waɗannan gwangwanayen fim ya samo su a wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos, kashi tara da aka fitar da rai da su. The Enemy of the World ya cika shida cif, The Web of Fear kuma saura kashi na uku. Kafin nan 106 ne suka ɓata, suka dawo 97. Ranar da na ji labarin nan a rediyo tsigar jikina ta tashi, ace abin da Turawa suka yi shekara arba'in suna nema yana nan kwance kusa da mu.

Hafsat ki kalli Enemy of the World ɗin, fari da baƙi ne amma yana gudu kamar fim ɗin leƙen asiri, Troughton ya fito mutum biyu, Dakta da wani azzalumi Salamander mai kama da shi sak. An yi shi a ƙarshen 1967 amma labarin wai a 2018 yake faruwa.

Baba Mai Rediyo: Ɗana ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Kar ku ga laifin Turawan nan su kaɗai, ni da hannuna na goge kaset a inda na yi aiki, ba don mugunta ba, kaset goma ne shiri talatin, oga ya ce a ɗauko na makon jiya a ɗora na yau. Sun yi sa'a masu kallonsu suna ajiye rikoda kusa da talabijin suna ɗaukar sauti, shi ya sa duk kashin da ya ɓata muryarsa tana nan, har ana zana katun a ɗora a kai. Mu nan talabijin ta fara a Ibadan 1959, ta zo Kaduna 1962, shekara ɗaya kafin Doctor Who. Duk wanda ke da tsohon kaset na Samanja ko Karkuzu ko Kasimu Yero a gida dan Allah kar ya bari zafi da ƙura su cinye, a juya shi a kwamfuta tun yana kamawa.

Maman Ilham: Allah ya saka Baba, akwai kwali guda a ɗakin mahaifinmu, in sha Allah zan duba wannan satin. Hafsat abu ɗaya, in da yara za ki kalla ki riga su gani, wasu akwai ban tsoro su can ma sun san shi da sa yara ɓuya a bayan kujera, na baya-bayan nan kuma akwai abubuwan da ba su dace da tarbiyyarmu ba, ni zaɓa nake yi. Wanda na kalla da 'ya'yana na ji daɗi shi ne Rosa na 2018, zamanin Jodie Whittaker mace ta farko da ta zama Dakta, sun koma garin Montgomery na Amurka 1955 wajen Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi daga kujerar bas ta ba farar fata. A zangon nan akwai Yasmin Khan, Musulma 'yar sanda daga Sheffield, akwai ma kashin da suka je Punjab lokacin raba Indiya da Pakistan a 1947.

Ɗan Jos: Anti kin tuna min, akwai wani kuma. Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda da ya tashi a Sikotilan, shi ya karɓa a 2023, a 2025 aka yi kashi guda The Story and the Engine labarin a shagon aski a Legas yake, wanda ya rubuta Inua Ellams kuma a Jos aka haife shi. Sau biyu kenan garinmu.

Abu Sadiq: Na ji hujjar Maman Ilham amma ina nan kan bakana, Blink ya yi kyau da yawa, in ta fara da shi za ta zaci duk haka suke. Kuma wanda bai bi David Tennant, Daktan da ke cikin Blink ɗin, daga farko ba ba zai ji zafin tafiyarsa ba. Heaven Sent na 2015 ma kar ki taɓa shi yanzu, Peter Capaldi, Daktan wannan lokacin, ne kusan shi kaɗai a kashin gaba ɗaya, a wajena ba wanda ya kai shi amma sai kin san abin da ya rasa kafin nan.

Hafsat Zariya: Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Ga yadda na tsara, fim ɗin 2013 da Baba ya ce tukuna saboda aikin makaranta, sai Blink, sai na Jos, in na samu hutu in fara 2005 a jere kamar yadda Yaya Abu Sadiq ya ce. A ina ake samu?

Nura Injiniya: BBC ta zuba sama da kashi 800 a shafinta na kallo a intanet mai suna iPlayer a 2023 amma sai kana cikin Birtaniya yake buɗewa. Tsofaffin yawancinsu sun fito a faifan DVD, na Jos ɗin ma duka biyu sun fito. Ki kunna rubutun ƙasa in za ki kalli na Eccleston da Capaldi, Turancinsu na arewacin Birtaniya ne yana da nauyi a kunne.

Baba Mai Rediyo: Maman Ilham in kin buɗe kwalin nan kar ki sa kaset a na'ura kai tsaye, duba zaren tukuna, in kin ga fari-fari kamar gari to fumfuna ce za ta lalata kan na'urar ta tsinke zaren. Ɗauko hotonsa ki turo nan in gani.