Mafi Ƙarancin Albashi: Amurka da Najeriya, Abin da Mahawara Ta Haifar

Na tattara bayanan 'yan'uwa ne daga mahawarar da aka yi kan kwatanta mafi ƙarancin albashin Amurka da na Najeriya, don wanda bai samu bin ta ba.

1. Alƙaluman da babu jayayya a kansu: a Amurka mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, kuma bai motsa ba tun 2009, kodayake jihohi irin su Kalifoniya sun haura ninki biyu. A Najeriya naira 70,000 ne a wata tun 2024, wanda a canjin 2025 bai kai dala 50 ba.

2. Kusan kowa ya ce a daina juya dala zuwa naira ana ƙiyasta arziki. Mai aikin awa 40 a mako a Amurka zai tashi da kimanin dala 1,250 a wata, amma kafin ya taɓa su an zare haraji, sai kuɗin haya ya lashe kaso mafi tsoka, ga inshorar lafiya na jira. Shawarar da ta fi gamsar da ni: a lissafa awa nawa mutum zai yi aiki kafin ya biya haya da cefanen wata.

3. Nan ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce duk da tsadar, ɗan rarar da ma'aikacin can zai aiko gida yana da auki. Wasu suka ce rarar ba ta samuwa sai da aiki biyu da kwana ɗakin haɗaka.

4. An tunatar cewa yawancin 'yan Najeriya sana'ar hannu, noma da kasuwanci suke yi, dokar mafi ƙarancin albashi ba ta isa gare su, kuma hauhawar farashi na cinye ƙarin tun bai shiga aljihu ba.