Yaya ake hana bututun na'urar HPLC toshewa?

Ɗalibar Kimiyya: Assalamu alaikum. A ɗakin gwajinmu matsin ruwa a na'urar HPLC (na'urar da ke rarrabe sinadaran da ke cikin samfuri) yana ta hauhawa har famfo ya tsaya da kansa, kuma ko an cire kolum (sashen da sinadaran ke rabuwa a cikinsa) ba ya sauka, abin da ya sa nake zargin toshewar tana cikin bututu. Muna aiki da bafar fosfet (ruwan gishirin fosfet mai daidaita tsami) tare da asetonaitiril (wani sinadari mai ruwa-ruwa da ake haɗawa da bafar). Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar, domin yawan sauya bututu ba mafita ba ce.

Mai Kula da Na'urori: Wa'alaikumus salam. Malama, gishirin fosfet ɗin nake zargi kafin komai, saboda ba ya narkewa sosai a cikin asetonaitiril. Idan aka tashi daga aiki aka tura asetonaitiril zalla kai tsaye a bayan bafa, gishirin yakan fito daga ruwan ya taru a cikin bututu, kuma idan kika kwance mahaɗar bututu za ki iya ganin farin gari kamar alli a bakinta. Ki fara wankewa da haɗin da ruwa ya kai kashi 90 cikin 100, sauran kashi 10 asetonaitiril ko metanol, na kimanin rabin sa'a, sannan ki ƙara yawan asetonaitiril ɗin ko metanol ɗin a hankali. Kada bafa ta kwana a tsaye cikin na'ura. Idan wankewar ba za ta yiwu ba, a bar famfo yana tura mililita 0.1 a minti har safe.

Tsohon Ma'aikacin Gwaji: Na goyi bayan Malam, sai dai ina so a kula da tacewa. A tace bafa da samfuri ta matata mai ƙofar maikiron 0.45 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ko 0.2 idan ƙwayoyin da aka cika kolum da su ƙanana ne. Bafar da ta yi kwanaki a kwalba ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa a cikinta, don haka a zubar a haɗa sabuwa a wata kwalba mai tsabta maimakon a ƙara a kan tsohuwa. Sil (abin da ke hana yoyo) na famfo da na bawul ɗin shigar da samfuri su ma suna zubar da ɓurɓushi idan sun tsufa, shi ya sa ƙaramar matata kafin kolum take da amfani ƙwarai.

Ɗalibar Kimiyya: Na gode, Allah ya saka da alheri. To, ta yaya zan gane bututun da ya toshe?

Mai Kula da Na'urori: Ki rage gudun famfo, ki fara kwance mahaɗa daga ƙarshen hanyar da ruwan yake bi, ki riƙa komawa baya ɗaya bayan ɗaya, inda matsin ya faɗi da zarar kin kwance, bututun da kika raba shi ne mai matsalar. Yawanci sirara masu faɗin ciki na milimita 0.13 ne suke fara toshewa. Ki juya bututun da ya toshe ki tura masa ruwa ta ɗaya bakin, ba tare da kolum ba. Idan na PEEK ne (wani nau'in roba mai ƙarfi), ki duba ko an ɗaure shi da ƙarfi har bakinsa ya matse, ki yanke wurin da reza mai kaifi a miƙe.