Waya a kunne, hannu a sitiyari: wai shi ke nan an tsira?

Baban Amira: Jama'a ku raba mu gardama. Jiya na ɗauko yayana daga Samaru za mu PZ a nan Zariya, ina amsa waya da abin kunne, hannuwana biyu a sitiyari, idona a titi. Wai shi a wurinsa ba ni da maraba da wanda ya kara waya a kunne. Shekara 14 ina bin hanyar nan, babu ramin da ban sani ba.

Malama Hauwa: Ai sanin hanyar ne abin tsoron. In hankalinka ya tafi ga magana, hanyar jiya kake bi, wadda ka haddace. Yau in an jera ganguna ana gyara, ko tirela ta mutu a gangaren gadar Kwangila, ido zai sauka a kai amma kafin ƙafa ta nemi birki an makara.

Direban Sabon Gari: Malama, mu masu jigila fa? Tun asuba fasinja ke cika mana kunne da siyasa da tsadar taki, ga mu lafiya lau. Magana ai magana ce.

Malama Hauwa: Fasinjan gaba yana ganin abin da kake gani. Ɗan acaɓa na faɗo maka zai yi shiru, ko ya ce "Direba, kula!" Na cikin waya bai san kana tsakiyar Agoro ba, bashinsa kawai yake tambaya.

Injiniya: An ma gwada wannan. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris na jami'ar Harvard a Amurka sun nuna wa mutane bidiyon 'yan ƙwallon kwando, aka ce su ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa wa juna ƙwallo. Ana cikin haka wani ya ratsa fili da shigar goggon biri. Kusan rabinsu ba su gan shi ba, alhali idonsu na kan allon. A 2006 kuma David Strayer na jami'ar Utah ya gwada direbobi a na'urar kwaikwayon tuƙi: mai riƙe da waya da mai abin kunne duk jinkirin birkinsu ya ƙaru, babu wani bambancin kirki.

Baban Amira: Injiniya, bidiyo daban, titin Zariya daban. A nan wa zai bar ka ka shagala? Hon kaɗai ya ishe ka farkawa.

Injiniya: Yaya, a gudun kilomita 60 kana cin kusan mita 17 duk daƙiƙa. Daƙiƙa biyu, mita 33 ke nan. Hon ɗin bayan an gama yake zuwa.

Kawu Tudun Wada: Ni ko waya ban riƙe ba ranar da na daki bayan Keke Napep a Ƙofar Doka. Lissafin kuɗin makarantar yara nake. Wallahi ina kallonsa ya tsaya, amma kamar a mafarki. Allah Ya taƙaita, fitila ce kawai ta fashe.

Direban Sabon Gari: To kun gani! Sai a hana mutane tunani ke nan.

Malama Hauwa: Tunani ba shi da makunni. Waya kuwa tana da shi, kuma gefen titi ba a biyan kuɗin tsayawa.

Baban Amira: Ban dai sallama ba tukuna. Gobe zan kashe ta daga Samaru har Kwangila in ga abin da zan gani. Amma in Maman Amira ta kira kan cefane ta ji a kashe, Malama ke za ki yi mata bayani.