Yaya zan koya wa ƙananan yara abubuwan daji a hutun damina?

Maman 'Yan Biyu, Garwa

Assalamu alaikum. Ina da 'yan biyu masu shekara 5 da yayarsu mai shekara 7, kuma tun da aka rufe makarantu a watan Yuni ba su da aiki sai kallon waya, ga shi ba za a koma ba sai farkon Satumba. Shekaranjiya babbar ta lissafo mini sunayen dabbobin Turai da Faransanci ba tare da tuntuɓe ba, amma da na nuna mata tsamiyar da ke ƙofar gidanmu sai ta ce sunanta bishiya. Abin ya tsaya mini a rai. Mahaifinsu yana ganin mu tara kuɗi mu kai su gandun dajin Waza. Shin wannan ce hanyar, ko akwai abin da ya fi dacewa da shekarunsu?

Tsohon Malami, Marwa

Wa alaikumus salam. 'Yata, ki ba maigida haƙuri a ajiye batun Waza. Da damina ruwa yana malale hanyoyin gandun, ciyawa ta yi tsawo, dabbobi kuma su watsu saboda ko'ina akwai abin sha. Sai wajen Maris da Afrilu suke taruwa a bakin tafkuna har a gan su. Ga kuma batun tsaro a wannan yanki.

Ni da gawo nake fara wa jikokina. Ki kai su bakin gona yanzu, ki tambaye su wace bishiya ce ta tsaya tsirara alhali sauran duk sun yi kore, sannan ki yi shiru. Za su ce ta mutu. Ki bar su da wannan zato har bayan girbi, lokacin da gawo zai fitar da ganye sauran suna kaɗewa, domin yaron da ya ga kuskurensa da idonsa ba ya mantawa. Daga nan ne za ki nuna masu dalilin da manomi ba ya sare shi: ba ya yi wa dawa inuwa da damina, ganyen da ya zubar ya zama taki, da rani kuma awaki su ci 'ya'yansa. Tafasa ma malama ce, don ganyenta yakan naɗe da magariba ya buɗe da safe. A gida kuwa, kowa ya shuka ƙwayar wake a gwangwanin tumatir, ya riƙa auna tsiron da tsinke kowace safiya. Ki koya masu sunan kowane abu da Hausa da Fulatanci. Na Faransanci makaranta za ta ba su.

Ma'aikaciyar Jinya, Garwa

Baba ya yi magana mai kyau, sai dai in ƙara gargaɗi. Kada yara su shiga kududdufi ko ruwan da ya kwanta a gefen Binuwai, domin ƙananan dodon koɗin da ke cikinsa su ne ke ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke ratsa fata har yaro ya koma fitsarin jini. A sa masu takalmi rufaffe, kuma kada su ɗaga dutse ko su cusa hannu a rami saboda kububuwa da kunama. A nuna masu tumfafiya da zaƙami da bini-da-zugu tun ranar farko a matsayin abin kallo kawai: ruwan tumfafiya yana ɓata ido, 'ya'yan sauran biyun kuma guba ne. A dawo gida kafin magariba saboda sauro.

Baban Ummi, Kusiri

Hajiya, gargaɗinki gaskiya ne, amma ina tsoron uwa ta karanta shi ta kulle ƙofa gaba ɗaya. Mu da muka tashi a bakin kogin Logon, da taɓo muka san ƙasa. Yaron da aka hana shi taɓa ƙadandoniya ya ga yadda take nannaɗewa, ko tsince shinge a ƙarƙashin fitila bayan ruwan dare, kallo kawai ya yi. Ni nakan ɗebo 'ya'yan kwaɗi a kwalba da kaina, yara su yi ta lura da su har ƙafafu su fito wutsiya ta ɓace, sannan mu mayar da su inda na ɗebo su.

Maman 'Yan Biyu, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, mun je bakin gona jiya da hantsi, kuma kamar yadda ka faɗa, dukansu sun rantse cewa gawon ya mutu, har Hassan yana cewa a sare shi a yi itacen girki. Ban ce masu komai ba. Waken Usaina ya tsiro, na Hassan kuwa ya ruɓe saboda yawan ban ruwa, don haka yau muka huda gindin gwangwanin muka sake shuka wani.