Musayar waƙa: gaisuwa a gaban kashiya

Ɗan Fagge: Jama'a salamu alaikum, yau ƙara na kawo, mai amsa ya amsa a waƙe.

Na je babban kanti sayayya,
Na bi layi har gun kashiya,
Na ce mata Hajiya ina gajiya,
Ta miƙo POS, shi ke nan gaisuwa.

A Singa ko buhu ɗaya za ka saya,
Sai an ji lafiyar gida da ta 'ya'ya,
A yi tayi, a ce albarka, a yi dariya,
Nan ko na'ura kaɗai ke yin kuwwa.

Maman Biyu: Baba ka yi haƙuri, ni na yi aikin nan kafin aure, bari in tare mata.

Tun hantsi take tsaye kan ƙafa,
Layi ya miƙe, ga zafi ga zufa,
Netwok ya riƙe wa wani taransfa,
Kai kuma ka zo da doguwar gaisuwa.

In an tashi lissafi bai cika,
Daga albashinta za a yanka,
Ranar ba za a ga ko inuwarka,
Karɓi rasit Baba, na baya na matsowa.

Bazazzagi:
Bakano in ya gaishe ka da tsawo,
Ragi yake so, ba zumunci ya kawo,
An manna farashi, ba tayi ba yawo,
Shi ne dattijo ke ta kururuwa.

Ɗan Fagge: Da 'yata nake magana bawa ya sa baki.

Bazazzagi wa ya kasa da kai?
Kantinku tebur ne da kwalin ƙwai,
In Sallah ta zo Kwari kuke yi kawai,
Ku ɗaga kai kallon bene har hula na faɗuwa.

'Yar Kurna: wayyo cikina, hula na faɗuwa!! Baba ka gama da shi wlh, Kano ko da me ka zo an fi ka

Malam Mai Aruli: Ku tsaya da tafin nan. Ɗangon farko na baitin gaɓa 10 ne, na ƙarshe 15, wannan ba kari ba ne, wato ma'aunin waƙa, jan akuya ne zuwa kasuwa tana turjewa. Amsa-amon waje, wato sautin da kowane baiti ke ƙarewa da shi, ya zauna a "wa", na yarda, amma amsa-amo kaɗai ba ya yin waƙa, sannan POS ɗin can na sama a wane ma'auni za mu ɗora shi?

'Yar Kurna: Malam kai kullum ƙirga kake, tun da aka buɗe zauren nan ba mu taɓa ganin baitinka ko ɗaya ba

Malam Mai Aruli: Alƙali ba ya shiga kokawa.

Bazazzagi: Allah ya ja kwana Malam, faɗa musu, waƙar Kanawa ai ciniki ce, a cika mudu ko da tsakuwa

Baƙon Holan: Ku bar faɗan kari ku ji wannan. A nan Holan kantin Jumbo ya ware layi guda tun 2019 na masu son hira da kashiya, a garin Vlijmen aka fara, saboda tsofaffin da kaɗaici ya dama, in kana sauri ka bi wani layin ba mai hararar wani.

Turawan da kuke cewa ba sa gaisawa,
Sun ware wa tsofaffi layin tattaunawa,
Baba nemi biza, gurbinka na jiran isowa,
Ka yi ta ina gajiya har rana ta yi faɗuwa.

Ɗan Fagge: Ɗana ba kaɗaici ke damuna ba, gidana cike yake da jikoki. Ka tuna farkon 2023 da aka canja kuɗi?

Ran da sabon kuɗi ya yi ɓatan dabo,
Kati ya ƙi, banki layi, ba rabo,
Mai shagon lungu ne ya tuna sabo,
Ya ba ni gero ya rubuta, albarkar gaisuwa.

Maman Biyu: Wannan kam gaskiya ne Baba, amma mai shago da jarinsa yake, ita yarinyar ko alewar da take ba ka a madadin canji ba tata ba ce, a ƙirge take. Kuma a cikin masu gaisuwar nan rabi lambar waya suke nema, ba da kai nake ba.

'Yar Kurna: hhhh Maman Biyu kin fasa ƙwai

Badamagare: Afuwa na makara, tun shekaranjiya netwok ya ƙi a Zinder.

Mu nan mai butik ɗan uwa ne,
Gaisuwa da bashi duk littafi guda ne,
Bakano dai ko a Makka ɗan tayi ne,
Zai nemi ragi ko a kan ruwan Zamzam.

Malam Mai Aruli: To ga shi nan. Kowa na sauka a "wa" shi ya sauka a "zam". Wa ya koya muku waƙa a Damagaram?

Badamagare: Malam sefa nawa ne kuɗin gyaran?

Ɗan Fagge: Kar ka biya shi, ka fara yi masa tayi tukuna.